Ɗaukar fijon da ba ta da sitiyari daga Zariya zuwa Kaduna: sharhi a kan aikin wani kamfanin janwe

Mota da ake tsakiyar farfaɗo da ita ita ce mafi wahalar matsarwa a cikin duk motocin da masu janwe ke ɗauka, har ma fiye da wadda ta yi hatsari, domin wadda ta yi hatsari kowa yana ganin raunin da ke jikinta, ita kuwa wannan tana tsaye a kan tayoyinta huɗu kamar lafiyayyiya alhali an kwance mata inji, an cire sitiyari, birki kuma babu mai a cikinsa. Masu janwe da dama za su ce maka babu matsala tun kafin ka gama yi musu bayani, kuma wannan saurin amsawa shi ne abin da ya kamata ya tsorata mai mota. Wannan sharhi ne a kan wani ƙaramin kamfanin janwe na Kaduna da na ɗauka haya ya kai mini Peugeot 504 daga wani gida a Tudun Wadan Zariya zuwa wani gareji a Kakuri. Ba zan kama sunansa ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo kuma akwai ƙorafi, sannan abin da zai fi amfanar mai karatu shi ne ya san irin aikin da zai nema a hannun kowane kamfani, ba wai ya haddace suna guda ba.

Motar salun ce, ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Peugeot da ke Kakuri, wadda ta fara fitar da motoci a 1975. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a ƙasar da ta fito. Wannan ne ya sa har yau a kudancin garin Kaduna ake samun dattawan makanikai da suka san wannan mota ciki da bai, kuma wurin ɗayansu nake son kai ta. Lokacin da aka ce a fitar da ita daga gidan da take ajiye, injinta yana can wani wuri ana yi masa aiki, an cire rak ɗin sitiyari gaba ɗaya tare da tayarod na kowane gefe, giyabos yana nan a maƙale amma gabansa babu abin da ke tallafe da shi, gilashin gaba an zare masa roba an jingine shi kawai, bonet kuma an ɗora shi ne ba tare da an ɗaure ba.

Ya kamata a fahimci abin da rashin sitiyari yake nufi, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Matsalar ba wai babu abin riƙewa a gaban direba ba ce kaɗai. Rak da tayarod su ne ke haɗa ƙafafun gaba biyu su sa su kalli wuri guda, don haka da zarar an cire su, kowace ƙafa tana juyawa ne a kan boljoyin ɗinta, wato mahaɗin da ke riƙe da ita ta ƙasa, yadda ta ga dama, kamar shanun noma biyu da ba a ɗora musu karkiya ba. Idan aka tura motar taku kaɗan, taya ɗaya za ta buɗe waje, ɗayar ta shige ciki, sai motar ta cije a wuri ɗaya. Masu turi su kan ɗauka nauyi ne ya yi yawa, sai su ƙara ƙarfi, kuma a wannan ƙarin ƙarfin ne taya ke gurje fenda, hannun ƙasa da ke riƙe da ƙafa ya lanƙwashe, ko boljoyin ya fita daga mazauninsa. Idan kuwa na'ura ce ke ja ba hannun mutum ba, ɓarnar tana faruwa ne kafin wani ya buɗe baki ya ce a tsaya. Akwai kuma wani abu da ya ƙara dagula lamarin a wurinmu. An ƙera ƙafafun gaban mota da ɗan kishingiɗa ta yadda idan tana tafiya gaba tayoyin suke neman miƙewa da kansu, wanda shi ne dalilin da ya sa sitiyari ke dawowa bayan an sha kwana. Idan da baya ake tafiya, wannan kishingiɗar tana yin akasin haka, tana neman murɗe tayoyin zuwa gefe har ƙarshe. Motar tawa kuwa da gaba aka shigar da ita gidan, saboda haka dole da baya za ta fito.

Ja da igiya ko sarƙa a bayan wata mota, wanda shi ne abin da aka fara ba ni shawara a unguwa, ba abin tattaunawa ba ne, tun da wanda zai zauna a ciki ba shi da abin juyawa kuma ba shi da abin takawa. Janwe mai ƙugiya, irin wanda ke ɗaga gaban mota ya bar bayanta a ƙasa, ya fi wannan hankali, kuma gaskiya ne cewa idan tayoyin gaba suna sama rashin sitiyari bai dame su ba. Sai dai tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar kusan kilomita 80 ce, kuma tayoyin bayan motar sun tsattsage saboda daɗewa a rana, giyabos babu mai a cikinsa alhali furofela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi tsakanin giyabos da ƙafafun baya, za ta riƙa juya shi duk tsawon hanya, sannan sarƙar da za a zagaya ƙarƙashin gaban motar za ta matse ƙarfen da mai gyaran bodi ya riga ya miƙar. Na kuma yi tunanin motar Hiab mai ƙugiyar ɗaga kaya, wadda za ta iya tsayawa a waje ta ɗauko motar ta saman katanga, amma wayoyin lantarki sun yi ƙasa sosai a lungun, kuma bel ɗin da ake zagaya mota da shi yana matse gefunanta idan ba a sa ƙarfen da zai ware shi daga sama ba. Abin da ya rage shi ne janwe mai shimfiɗaɗɗen baya, wanda bayansa ke zamewa ya sauko har ƙasa a jawo mota da winci, wato na'urar da ke naɗe igiyar ƙarfe tana ja.

Abu na farko da ya bambanta wannan kamfani da sauran da na tuntuɓa shi ne tambaya. Mutumin da ya ɗauki waya bai faɗi kuɗi ba sai da ya tambaye ni ko tayoyin huɗu suna da iska, ko suna juyawa, ko motar tana kan siminti ne ko kan ƙasa, ta wane gefe take kallon ƙofa, nawa ne faɗin lungun, kuma ko tayarod ɗin ne kawai aka kwance ko rak ɗin ne babu gaba ɗaya. Ya nemi in tura masa hotuna ta WhatsApp, har da na ƙarƙashin motar da na bakin ƙofar gidan. Da ya ga hotunan sai ya ce mini: «Alhaji, wannan ba ja za mu yi ba, ɗauka za mu yi, kuma kafin mu taɓa ta sai an haɗa ƙafafun gaban nan.» Ya umarce ni da in sa mai walda ya yanko ƙarfen angul mai kauri, a auna tazarar da ke tsakanin ramukan da tayarod ke shiga a jikin ƙafafun biyu lokacin da tayoyin suke a miƙe, a huda ƙarfen daidai wannan tazara, a kuma tanadi kusoshi biyu masu noti da washa. Ya ƙara da cewa idan akwai tayar da ba ta riƙe iska in nemo wata tun da wuri, domin su ba su da ita. Wannan gargaɗi yana da tushe, saboda ƙafar 504 kusoshi huɗu ne a kan da'irar milimita 140, ma'aunin da ba a samun sa a motocin Japan da suka cika gari yanzu, don haka ba za ka ari tayar maƙwabci ka ɗaura ba. Sai da aka bi makanikan Sabon Garin Zariya kafin aka samo guda.

A ganina wannan hirar ta waya ita ce rabin abin da na biya kuɗi a kansa.

Mutum uku suka zo, direba da yara biyu, kuma tun daga bakin titi ya bayyana cewa janwen ba zai shiga lungun ba. Direban, wanda magidanci ne mai ƙarancin magana, bai yi gardama da lungun ba. Ya ajiye motarsa a kan titi daidai bakin lungun, ya taka da ƙafa har cikin gidan yana duba ƙasa, ya tsaya a kan kwatar da ta ratsa bakin ƙofa, sannan ya kwanta a ƙarƙashin fijon kafin ya ce komai. Abin da ya fara gyarawa ba ƙafafun ba ne, giyabos ne. A 504 furofela tana tafiya ne a cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da ƙafafun baya, saboda haka idan gaban giyabos ya rinjaya ƙasa ya tokari wani abu, ba shi kaɗai zai ji jiki ba. Ya gitta katako mai kauri a kan fenda biyu ta cikin ɗakin inji, ya sa tsumma a ƙarƙashin kowane gefe, ya rataye giyabos ɗin a jiki da bel, ya tabbatar giyar tana firi. Bayan haka ne aka ɗaga gaban motar da jak, aka miƙar da tayoyin da hannu, aka ɗaura ƙarfen angul ɗin. Bai tamke notocin har ƙarshe ba. Ya bar su da ɗan sassauci, ya sa noti biyu a kan kowace kusa don kada su warware, ta yadda ƙafafun za su iya juyawa tare. Da aka sauke motar, ɗaya daga cikin yaran ya kama taya ɗaya da hannu biyu ya murɗa, sai ɗayar ta bi ta. Daga wannan lokaci motar ta samu sitiyari, ko da yake a waje yake kuma sai an durƙusa ake juya shi.

Tayar baya ta hagu ta ƙi juyawa saboda birkin ya kame da tsatsa. Sun cire ta, suka bubbugi birkin da guduma a hankali ta kowane gefe har ya saki, ba su yarda a ja motar da ƙarfi a kan tayar da ta cije ba.

Fitowa daga gidan ita ce ta ci mafi yawan lokaci, kuma a nan na ga ƙwarewar da ta sa nake rubuta wannan. Tsakar gidan rairayi ne, ƙofar ba ta fi motar faɗi da yawa ba, motar kuma tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, ga shi da zarar bayanta ya fita dole ta karya kwana sosai ta bi lungun. Sun shimfiɗa katakai a kan kwatar da kuma inda rairayin ya fi laushi. Direban ya raba aiki a fili: samarin unguwa da suka zo taimako su tura daga gaba, su dafa ginshiƙan ƙofa da gefen ɗakin inji, kada kowa ya dafa fenda ko bonet, yaro ɗaya ya tsaya a kan tayar gaba yana juya ta, ɗayan kuma ya riƙe waigi biyu na katako yana bin tayar baya, ba shi da wani aiki sai jefa waigi idan an ce a tsaya. Wannan na ƙarshe shi ne birkin motar, kuma direban ya hana kowa aiken sa ko da ɗauko ruwa ne. Ana turawa taku biyu ko uku, a tsaya, a gyara tayoyin, a sake turawa. Da aka zo kwanar, juyin tayoyin bai isa ba, sai ya kawo jak mai taya, ya ɗora shi a kan wani faifan ƙarfe da ya zo da shi, ya ɗaga motar ta ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin ɗakin inji, aka ja gabanta gefe kaɗan-kaɗan, ana saukewa ana matsar da faifan ana sake ɗagawa, har ta daidaita da lungun. Rashin inji ya taimaka a nan, domin gaban motar ya yi sauƙi ƙwarai. Tsakanin bodin da ginshiƙin ƙofar bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma ba ta taɓa ba.

A bakin titi aka canza tsari. Kafin a sa winci, direban ya miƙar da tayoyin gaba, ya tamke notocin, sannan ya ɗaure ƙarfen angul ɗin da bel biyu, ɗaya zuwa dama ɗaya zuwa hagu, a jikin ƙarfen da ya gitta, har ƙafafun suka daina motsi kwata-kwata. Dalilinsa a bayyane yake: a hannun mutane ana son tayoyin su juya, amma a kan gangaren janwe, inda igiyar ƙarfe ke ja da ƙarfin da ba ya jin cijewa, juyawa kaɗan ya isa ya kai taya bakin gefe. Da baya ya hau da ita, wanda ya yi daidai da yadda ta fito daga lungun, ya kuma yi daidai da nauyinta, tun da mota marar inji bayanta ya fi gabanta nauyi kuma an fi son ɓangare mai nauyi ya kasance kusa da kan janwe. Bai maƙala ƙugiya a bamba ba. Ya zagaya bel mai faɗi a ƙarfen ƙafafun baya ta gefe biyu, ya haɗa bakunansu a tsakiya, ya sa ƙugiyar a nan domin jan ya rabu daidai. Da motar ta fara karkata zuwa gefe ɗaya a tsakiyar gangaren, bai ci gaba da ja yana fatan za ta gyaru ba. Ya tsaya, aka sa waigi, ya ratsa igiyar ta kan wata 'yar tayar ƙarfe mai kwari a tsakiya da ya maƙala a gefen janwen, jan ya koma ta ɗaya ɓangaren, motar ta dawo tsakiya.

A nan ne kuma aka yi ɓarna guda da aka yi a duk aikin. Saboda babu inji, gaban motar ya ɗaga, bayanta ya sunkuya, kuma da bayan ya iso gangaren sai ƙarfen da ke ƙarƙashin bamba ya gogi ƙarfen janwen ya ɗan lotsa. Nan take suka tsaya suka sa katakai a ƙarƙashin tayoyin baya don rage tsinin gangaren, abin da ya kamata a ce sun yi tun farko, tun da katakan suna nan a hannunsu kuma sunkuyawar motar a fili take ga duk mai ido. Lotsawar ba ta da girma, mai gyaran bodi zai fitar da ita cikin ɗan lokaci, amma mutumin da ya nuna irin wannan kula a cikin lungu bai kamata ya yi sakaci a wurin da ya fi sani ba.

Ɗaurin da suka yi wa motar ya gamsar da ni, ko da yake kayan ɗaurin ba su gamsar da ni ba. Kowace taya an ɗaure ta daban zuwa jikin janwen, an bar igiyar wincin a maƙale a matsayin kariya ta biyu, an kuma ƙara bel a bodin ta gaba saboda mota marar inji tana tsalle a kan sifirin fiye da kima idan an shiga rami. Sun sauke gilashin gaban suka kwantar da shi a kujerar baya a kan bargo, suka zagaya bonet da but da bel, suka ɗaure ƙofofin ta cikin tagogi, suka kwashe kwalayen ƙananan kaya daga cikin motar zuwa gaban janwen. Wanda bai taɓa ganin iska ta ɗaga bonet a kan babbar hanya ba zai ɗauka wannan ɓata lokaci ne, amma bonet da ya tashi daga bayan janwe yana sauka ne a kan gilashin motar da ke biye, kuma a wannan hanya motar da ke biye galibi cike take da fasinjoji. Sai dai daga cikin bel ɗin da suka zo da su, biyu ne kawai zan kira lafiyayyu. Sauran sun tsufa, gefunansu sun zare, ɗaya ma an ƙulla shi a tsakiya. Yaran sun so su cike gurbin da sarƙa a kan ƙarfen ƙafar baya, sai da na nuna rashin yarda sannan aka naɗa tsumma a ƙarƙashinta. Kamfanin da ke karɓar irin wannan kuɗi ya kamata ya sauya bel ɗinsa kafin su kai wannan hali.

A hanya direban ya yi tafiya ta hankali. Bai yi nisa da fita Zariya ba ya tsaya ya bi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara tamkewa, domin bel yakan saki bayan girgizar farko, ya kuma sake dubawa a wajen Jaji. A Mararrabar Jos, inda manyan motoci ke jeruwa a gefen titi su matse hanya, ya rage gudu sosai bai yi ta kutsawa ba. Daga Kawo ya bi hanyar bayan gari zuwa Kakuri maimakon ya ratsa tsakiyar gari. Tun a waya sun gaya mini in riƙo takardun motar na asali da shaidar saye, in kuma tabbatar lambar shasi tana karantuwa, kuma wannan shawara ta yi amfani, domin mota marar inji, marar lamba a gaba, a kan bayan janwe, dole jami'an tsaro su tambayi inda ta fito, kuma suna da gaskiyar tambaya. Da aka nuna takardu aka gwada lambar, ba a riƙe mu ba.

Saukewa ta zo da sauƙi saboda garejin siminti ne kuma fili ne. Da winci aka sauke ta a hankali, ba a sake ta ta gangaro da kanta ba, mai waigi kuma yana biye da ita har ta tsaya. Dattijon makaniken ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza kowace ƙafa da hannu, ya ce boljoyin da hannayen ƙasa duk lafiya suke, ya kuma ce a bar masa ƙarfen angul ɗin a jiki har ranar da zai mayar da rak, tun da shi ma zai buƙaci matsar da ita a cikin garejin.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ga sauran abin da ban ji daɗinsa ba. Sun yi alkawarin isowa da sassafe, ba su iso ba sai da rana ta take, kuma ba su kira sun faɗi dalili ba sai da na neme su. Wannan ya sa aikin lungun ya faɗa cikin tsakiyar zafi, samarin da suka zo taimako kuma wasunsu sun gaji da jira sun tafi. Ba su da ƙananan kurayen nan masu tayoyi da ake ɗora ƙafar mota a kai a tura ta kowane gefe, waɗanda a kan rairayi ba su da amfani amma a garejin siminti da sun rage wahala. Yaran biyu da silifas suka yi aikin, babu safar hannu, kuma sau da yawa ɗayansu yana tsayawa daf da igiyar ƙarfen lokacin da take a tamke, direban yana ganinsa bai kore shi ba. Igiyar winci idan ta tsinke tana dawowa ne da ƙarfin da zai iya karya ƙafa ko ya yi abin da ya fi haka, kuma yaron da ke koyon sana'a a hannunka amana ne. Wannan ya fi lotsawar bamba ɓata mini rai.

Kuɗin da suka nema ya kusa ninka abin da masu janwe mai ƙugiya suka faɗa mini, kuma ban ga tsada a ciki ba idan aka dubi man da babbar mota za ta sha zuwa da dawowa, da mutum uku, da yinin da aikin ya ci. Hannun ƙasa ɗaya na 504 mai kyau, idan ya lanƙwashe, neman sa a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano yanzu aiki ne, kuma abin da za a samu ɗin ma tsoho ne da aka ciro daga wata motar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarin da aka nema bayan an sauke mota, da sunan cewa lungun ya ci lokaci fiye da yadda aka zata, alhali sun ga hotunan lungun kafin su yanke farashi. Na ba yaran abin da na ga ya dace don sun yi wahala da gaske, amma na gaya wa mai kamfanin a waya cewa ciniki idan an gama shi an gama, kuma ya amince ba tare da jayayya ba.

Babban gibin da ke cikin aikin nasu shi ne takarda. Babu wata yarjejeniya a rubuce kafin a ɗora mota, babu wanda ya zagaya ta tare da ni aka rubuta halin da take ciki, rasit ɗin da aka ba ni kuma bai ɗauke da lambar shasi ko inda aka ɗauko ta da inda aka kai ta ba. Da na tambayi ko suna da inshorar kayan da suke ɗauka, amsar da na samu ita ce ba su taɓa yar da mota ba. Na yarda da su, domin na ga hannunsu, amma wannan ba amsar tambayar ba ce. Motar da ake farfaɗowa ba ta da farashin kasuwa da za a koma gare shi idan wani abu ya faru. Abin da ke jikinta shi ne kuɗin walda da na fenti da kayan da aka daɗe ana tarawa ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ba a rubuta ba babu mai iya tabbatar da shi. Zan sake kiran su ranar da za a kai motar wurin fenti idan har ba a mayar da rak ɗin ba kafin lokacin, amma a wannan karon sai mun ɗauki hoton kowane gefe tare, mun rubuta farashi da lokacin isowa da wanda zai ɗauki nauyin ɓarna, mun sa hannu mu biyu, kafin igiyar winci ta taɓa motar.